Jijjiga da Farfaɗiya: Mafarinsu da Maganinsu

Babu garin da ba a san wannan ciwo ba a ƙasar Arewa. Mutum yana tsaye ko yana zaune, sai a ga ya faɗi. Jikinsa ya sandare. Hannuwa da ƙafafu su kama karkarwa. Idanu su juye, kumfa ta fito a baki. Masu kallo su ja da baya. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu ne, wani ya ce kada a taɓa shi. Kafin a gama gardama, mai ciwon ya riga ya ji rauni.

A darasinmu na yau za mu amsa tambaya uku. Me ke faruwa cikin jikin mutum idan yana jijjiga? Waɗanne cututtuka ke kawo ta? Me ya kamata mu yi idan abin ya faru a gabanmu?

1. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi

Ku ɗaga hannun dama. Ku dunƙule shi. Ku buɗe. Wa ya ba hannun umarni? Ƙwaƙwalwa ce.

Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai. Nauyinta ga babban mutum bai kai kilo 1 da rabi ba. Amma a cikinta akwai ƴan ƙananan ƙwayoyi wajen miliyan dubu 86, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Daga ƙwaƙwalwa laka ta sauko ta cikin ƙashin baya. Daga laka jijiyoyi suka rarrabu kamar saiwar itace, har zuwa yatsun ƙafa. Kada ku haɗa su da jijiyoyin jini. Waɗannan ba jini su ke ɗauka ba, saƙo su ke ɗauka.

Saƙon nan ɗan ƙaramin lantarki ne. Tsoka ba ta motsi sai ya iso mata. Wani saƙo ya ce mata ta ɗaure, wani ya ce mata ta saki. Da haka mu ke tafiya, mu ke rubutu, mu ke tauna tuwo.

Ku dubi ajinku. Idan ɗalibai suna magana ɗaya bayan ɗaya, kowa yana fahimta. Idan duka suka ɗauki ihu a lokaci guda, ba a jin maganar kowa. Haka ƙwaƙwalwa ta ke. Idan ƙwayoyinta masu yawa suka saki lantarki gaba ɗaya, saƙo ya rikice. Tsokoki su ɗaure, su saki, su ɗaure, su saki, ba da son mai jikin ba. Wannan shi ne jijjiga.

Jijjiga alama ce, ba cuta guda ba ce. Kamar tari ta ke. Mura tana sa tari, ƙura tana sa tari, tarin fuka ma yana sa tari, amma maganinsu ba ɗaya ba ne. A ƙasarmu manyan abubuwa huɗu ke kawo jijjiga da sandarewar jiki: masassara, sanƙarau, sarƙewar haƙora da farfaɗiya.

2. Masassara: ciwon damina

Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ba ta gama ƙwari ba. Idan jikinsa ya yi zafi da sauri, yana iya yin jijjiga. Wannan ya fi samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Yawanci abin ba ya daɗewa, kuma yawancin yaran nan ba su zama masu farfaɗiya idan sun girma.

Amma a nan sai mu yi hattara. Da damina ruwa yana kwantawa a tabkuna da fadamun Dallol Mawri. Sauro ya yi yawa. Masassarar cizon sauro, wadda a ke ce wa palu da faransanci, tana iya hawa kai. Ƙwayoyin cutar suna shiga cikin jini, jinin da ya kamu ya liƙe a ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Yaro ya yi jijjiga, ya sake yi, ya suma, a kira shi bai amsa ba. Idan ba a kai shi likita da gaggawa ba, yana iya rasuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya tashi ma, wani lokaci ciwon yana barin masa tabo a ƙwaƙwalwa, daga baya tabon ya zama farfaɗiya.

Uwa ba za ta iya rarrabe jijjigar zafin jiki da ta palu mai tsanani ba. Saboda haka duk yaron da ya yi jijjiga da zafin jiki, a kai shi likita a ranar. A can za a ɗiga jinin yatsarsa a kan ɗan abin gwaji, cikin minti 15 zuwa 20 a san ko palu ce. Idan mai tsanani ce, a yi masa allurar artesunat.

Akwai hanyoyin kariya. Ta farko, kwana cikin sange kowane dare. Ta biyu, maganin rigakafi na damina, wanda aka soma rabawa a Nijar a 2013. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya kowane wata a lokacin damina, kuma kowane zagaye kwana 3 a ke sha. Ta uku, allurar rigakafin palu. A jiharmu ta Doso aka ƙaddamar da ita, a garin Gaya, cikin watan Satumba na 2024.

3. Sanƙarau: ciwon rani

Idan ruwa ya ɗauke, sauro ya ragu, sai hazo da ƙura da zafin bazara su zo da nasu ciwon. Ƙwaƙwalwa da laka suna lulluɓe da wani siririn tantani. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga tantanin nan, ya kumbura. Wannan shi ne sanƙarau. Ana ɗaukarsa ta numfashi da tari da atishawa, musamman inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki guda marar taga.

Alamominsa: zafin jiki farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, wuya ya sanƙare har mutum ya kasa sunkuyar da kai. Ga jariri, maɗiga tana kumbura, ya ƙi nono. Sau da yawa jijjiga tana biyo baya.

A 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapesoni ya zana yankin da ciwon ya fi addaba a Afirka. Yankin ya miƙe kamar ɗamara daga Senegal har Habasha, Nijar tana tsakiyarsa. A 1996 da 1997 sanƙarau ya kama mutum fiye da dubu 250 a yankin, wajen dubu 25 suka rasu. A 2010 aka kawo wata allura mai suna MenAfriVac, aka soma da Burkina Faso, Mali da Nijar. Ta karya lagon irin ƙwayar da ta fi yin ɓarna. Amma ƙwayoyin sanƙarau iri-iri ne. A 2015 wani irin ya ɓulla, ya kama mutum fiye da dubu 8 a Nijar, fiye da 500 suka rasu. Dogon Dutsi, Gaya da Yamai suna cikin wuraren da abin ya fi taɓawa. A 2024 aka soma aiki da wata sabuwar allura mai kare mutum daga iri biyar a lokaci guda, da farko a Najeriya, sa'an nan a Nijar.

Sanƙarau yana da magani, allura ce a ke yi a likita. Amma ba ya jira. Wanda aka kai da safe ya fi wanda aka kai da maraice sa'a. Wanda aka yi jinkirin kai shi, ko ya tashi, yana iya kurumcewa ko ya sami farfaɗiya.

4. Sarƙewar haƙora: ciwon rauni

Wannan ciwo dabam ya ke. Likitoci suna ce masa tetanos. Ƙwayar da ke kawo shi tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana iya yin shekaru a can ba ta mutu ba. Tana shiga jiki ta rauni: sukar ƙaya, ƙusa, saran hauya a gona, ƙunar wuta, ko askar da ba a tafasa ba wajen shayi, tsaga ko cire beli. Mutane suna cewa tsatsa ce ke kawo ciwon. Ba tsatsa ba ce, dattin da ke jikin ƙarfen ne.

Cikin rauni mai zurfi ƙwayar tana fitar da dafi. Dafin ya bi jijiyoyi har laka. Kun tuna saƙo biyu da tsoka ke samu? Dafin yana toshe saƙon da ke cewa «saki». Sai tsoka ta ɗaure, ta kasa saki. Bayan kwana 3 zuwa 21 da jin rauni, muƙamuƙi ya fara ƙagewa, baki ya ƙi buɗuwa. Wuya da ciki su yi tauri. Baya ya lanƙwashe kamar baka. Ƙara kaɗan ko haske ya isa ya tayar da ciwon. Mai farfaɗiya ba ya sanin inda ya ke idan ya faɗi. Mai sarƙewar haƙora kuwa yana cikin hankalinsa, yana jin zafin duka.

Jarirai sun fi kowa shiga hatsari. Idan aka yanke cibiya da tsohuwar reza, ko aka shafa mata toka, ƙasa ko kashin shanu, ƙwayar ta sami ƙofa. Jariri ya sha nono lafiya kwana biyu na farko. Tsakanin kwana na 3 da na 14, sai ya kasa kama nono, jikinsa ya sandare. Da yawa ba su tashi.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 1988 ciwon ya kashe jarirai wajen dubu 787 a duniya. A 2018 adadin ya sauko zuwa wajen dubu 25. A 2016 aka tabbatar Nijar ta shawo kansa ga uwaye da jarirai. Ma'anar haka, a kowane yanki na ƙasar, cikin jarirai 1000 da aka haifa ba a samun ko ɗaya cikakke mai ciwon. Amma ƙwayar tana nan cikin ƙasa. Ranar da aka yi sakaci da allura, ciwon zai dawo.

Ga kariya. A yi wa jariri allurarsa ta sati 6, sati 10 da sati 14. Mai ciki ta je awo, ta karɓi allurarta. Ita ce ke kare ta, ta kare ɗan da ke cikinta. A haihu a likita. A yanke cibiya da sabuwar reza, kada a shafa mata kome sai abin da likita ya bayar. Wanda ya ji rauni ya wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu nan take. Idan mai zurfi ne ko mai datti, ya tafi likita.

5. Farfaɗiya

Idan mutum ya yi jijjiga sau biyu ko fiye, a ranaku dabam-dabam, ba zafin jiki, ba wani ciwo sabo, to ana cewa yana da farfaɗiya. Wasu suna ce mata borin jaki. Da faransanci sunanta epilepsi.

Ba ciwon ƙasarmu kaɗai ba ne. OMS ta ce wajen mutum miliyan 50 ke da shi a duniya. Yana kama talaka da mai kuɗi, baƙi da fari, malami da jahili.

Me ke kawo ta? Duk abin da ya bar tabo a ƙwaƙwalwa: doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri, palu mai hawa kai, sanƙarau, buguwar kai, kamar faɗuwa daga itace, daga amalanke, ko daga kabu-kabu ba hular kwano, shanyewar ɓarin jiki ga tsofaffi, ƙari a cikin kai. Wani lokaci akwai gado a ciki. Ga wajen rabin masu ciwon kuwa, ko likita ba ya gano mafarin. Amma ku lura da jerin nan: da yawa daga cikinsu ana iya kauce musu. OMS ta ce cikin masu farfaɗiya huɗu, da an yi rigakafi, da ɗaya bai kamu ba.

Farfaɗiya ba kama ɗaya gare ta ba. Akwai babba, wadda kowa ya sani: faɗuwa, sandarewa, karkarwa, cizon harshe, wani lokaci da sakin fitsari. Yawanci tana wucewa cikin minti 1 zuwa 3, mutum ya tashi a gajiye, bai san abin da ya faru ba. Akwai mai kama hannu ɗaya ko gefen fuska kawai. Akwai kuma ƙarama, wadda ta fi samun yara: yaro yana cikin magana ya tsaya cak, ido a buɗe, ƴan daƙiƙu kaɗan, sa'an nan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Tana iya zuwa sau da yawa a yini. A aji sai a ce ba ya sauraro, har a hore shi, alhali ciwo ne.

Akwai wasu abubuwa biyu masu sa jijjiga da ya kamata ku sani. Na farko ƙwayar tramol, wadda wasu samari ke sha wai don ƙarfin aiki. Tana kayar da mai lafiya ƙalau. Na biyu hawan jini ga mace mai ciki. Idan fuskarta da hannuwanta suka kumbura, kanta yana ciwo, tana gani dishi-dishi, a kai ta likita kafin ta faɗi.

6. Abin da a ke faɗa da abin da aka gano

Ana cewa wanda ya taɓa yawun mai farfaɗiya, ko ya ci abinci a ƙwarya ɗaya da shi, zai ɗauka. Wannan ba gaskiya ba ne. Farfaɗiya ba ta da ƙwayar cuta da za ta tashi daga wani ta koma ga wani. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko fitsari, ko tusa, ko numfashi, ko tabarma.

Ana cewa mai farfaɗiya mahaukaci ne. Wannan ma ba haka ba ne. Idan jijjigar ta wuce, hankalinsa daidai ya ke da na kowa.

Ba mutanenmu kaɗai suka danganta ciwon da iskoki ba. Mutanen ƙasar Girka na dā ma haka suka ɗauka. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wani likitansu mai suna Hipokrat ya ce ciwon daga ƙwaƙwalwa ya ke, kamar yadda sauran cututtuka ke da mazauninsu a jiki. Babban likitan Musulmi Ibnu Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, shi ma ya sa farfaɗiya cikin cututtukan ƙwaƙwalwa. A 1924 wani likita Bajamushe mai suna Hans Berger ya ƙera na'urar da ke zana lantarkin ƙwaƙwalwa a kan takarda. Tun daga nan ana iya ganin rikicewar saƙon da ido. Akwai irin wannan na'ura a manyan asibitocin Yamai.

7. Maganin farfaɗiya

Farfaɗiya tana da magani. Cikin masu ciwon 10, har 7 suna iya daina faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace, suka kuma sha shi yadda aka ce. Abin baƙin ciki, a ƙasashe matalauta, cikin masu ciwon 4, uku ba su samun maganin.

Mafi daɗewa cikin magungunan da a ke sha yau shi ne fenobarbital, wanda aka fi sani da Gardénal. Tun 1912 a ke aiki da shi, kuma ba shi da tsada. Akwai wasu, kamar karbamazefin da balforowat. Aikinsu ɗaya ne: su kwantar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kada su saki lantarki gaba ɗaya. Likita ne ke zaɓa, bisa ga irin ciwon, shekarun mai shi da nauyinsa. Idan abin ya fi ƙarfin likitar ƙauye, za a tura mutum asibitin Dogon Dutsi, ko Doso, ko Yamai.

Maganin yana da dokoki:

— A sha kullum, a kan lokaci, ko da an ji sauƙi.
— Kada a daina shi farat ɗaya. Yin haka yana jawo jijjiga mai tsawo, wadda ke iya kisa. A koma karɓo wani tun na hannu bai ƙare ba.
— Kada a saya wajen masu talla a kasuwa. Kada a ara wa wani.
— Idan ƙuraje suka fito a jiki, ko barci ya yi yawa, a koma wajen likita.
— Mace mai shan magani ta gaya wa likita tun kafin ta sami ciki, don wasu magungunan, musamman balforowat, suna cutar da ɗan tayi.
— A yi barci isasshe. A guji giya da tramol.

Idan mutum ya yi shekara 2 ko fiye bai faɗi ba, likita yana iya rage masa maganin sannu-sannu, har wasu su daina. Likita ne ke yanke wannan shawara, ba mai ciwo ba, ba iyayensa ba.

Iyaye da yawa suna fara zuwa wajen malam ko boka. Addu'a ba ta hana shan magani. Abin da ba a so shi ne a sayar da akuya da damman hatsi ana yawon neman magani shekara da shekaru, yaro yana ta faɗuwa, alhali ƙwayar da za ta tsayar da ciwon tana nan kusa.

8. Idan wani ya faɗi a gabanka

Sau da yawa ba jijjigar ce ke kashe mai farfaɗiya ba. Wuta ce, ko ruwa, ko taimakon da bai dace ba. Ga abin da za ka yi:

1. Ka kwantar da hankalinka. Kada ka gudu.
2. Ka janye shi daga murhu, bakin rijiya, tabki ko hanyar mota. Ka kawar da duwatsu da ƙarafa.
3. Ka sa zane ko riga a ƙarƙashin kansa. Ka sassauta masa wuyan riga.
4. Ka lura da tsawon lokacin da abin ya ɗauka.
5. Da karkarwar ta lafa, ka juya shi ya kwanta a kan gefensa, don yawu ya zubo waje.
6. Ka zauna tare da shi har ya farfaɗo. Ka gaya masa abin da ya faru da murya mai taushi. Idan ya ɓata tufafinsa, ka rufe shi da zane, ka sallami ƴan kallo.

Ga abin da ba a yi:

— Ba a sa cokali, itace ko yatsa a bakinsa. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Cokali yana karya haƙori, yatsa kuma a cije ta.
— Ba a danne shi. Ƙarfi ba ya tsayar da jijjiga, sai dai ya karya ƙashi.
— Ba a ɗura masa ruwa, rubutu ko jiƙo yana sume. Zai shiga huhu ya shaƙe shi.
— Ba a kara ƙafarsa a wuta. Ba a yi masa hayaƙin barkono. Ba a matsa masa albasa a ido.

A ɗauke shi zuwa likita nan da nan idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko wannan ne karo na farko, ko akwai zafin jiki, ko ya ji rauni, ko ya faɗa ruwa, ko mace ce mai ciki. A likita akwai allurar da ke tsayar da jijjiga. Idan ƙaramin yaro ne mai zafin jiki, a rage masa tufafi, a shafe shi da tsumma mai ruwa ɗumi-ɗumi a kan hanya.

9. Ɗan ajinmu ne

Akwai yaran da aka cire daga lakwal saboda farfaɗiya. Akwai waɗanda a ke ware wa ƙwarya da moɗa, su ci su kaɗai. Akwai ƴan mata da aka fasa aurensu. Wannan wariya ta fi ciwon ciwo, kuma ba ta da dalili, tun da mun ga ba a ɗaukarsa.

Yaro mai farfaɗiya yana iya karatu, ya ci jarrabawa, ya yi noma, ya yi sana'a, ya yi aure, ya haifi ƴaƴa masu lafiya. Abin da a ke kiyaye masa kaɗan ne: kada ya zauna shi kaɗai a bakin wuta, kada ya ja ruwa a rijiya ko ya shiga tabki shi kaɗai, kada ya hau dogon itace. Sauran wasanni duka da shi za a yi. Idan akwai irinsa a ajinku, ku zauna benci ɗaya da shi, ku raka shi gida, ku tuna masa lokacin shan magani. Litinin ta biyu a watan Fabrairu ita ce ranar masu farfaɗiya ta duniya. A ranar, ku karanta wa iyayenku wannan darasi.

Mu riƙe

Jijjiga daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta ke. Alama ce, cututtuka da yawa ke kawo ta. Sange, allurar rigakafi, awon ciki da tsabtar rauni suna hana da yawa daga cikinsu. Ba a ɗaukar farfaɗiya. Tana da magani, amma kullum a ke shan sa. Wanda ya faɗi, a kare kansa, a kwantar da shi a gefe, kada a sa kome a bakinsa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Wane aiki jijiyoyi ke yi? Me ya raba su da jijiyoyin jini?
2. Don me aka ce jijjiga kamar tari ta ke?
3. Wane ciwo ya fi yawa da damina, wanne ya fi yawa da rani? Kawo dalili.
4. Ta ina ƙwayar sarƙewar haƙora ke shiga jikin jariri?
5. Faɗi bambanci ɗaya tsakanin mai farfaɗiya da mai sarƙewar haƙora.
6. Kawo abu huɗu da ba a yi wa wanda ke jijjiga.
7. Yaushe ya zama dole a kai shi likita nan da nan?

Aiki

Lissafi: A ce wani gari yana da mutum 5000. A cikin kowane 1000, mutum 8 suna da farfaɗiya. Mutum nawa ke da ita a garin? Idan duka suka sha magani, 7 cikin 10 suka daina faɗuwa, mutum nawa ke nan?

Gwaji: Ku rabu biyu-biyu. Ɗaya ya kwanta a tabarma, ɗaya ya nuna yadda a ke kare kai da yadda a ke juya mutum a kan gefensa. Sa'an nan ku canza.

Bincike: Ku roƙi iyayenku mata su nuna muku katin rigakafin ƙannenku. Ku duba ko an yi allurar sati 6, ta sati 10 da ta sati 14. Ku tambayi tsofaffin unguwarku sunayen da su ke kiran waɗannan cututtuka huɗu, ku rubuto su, gobe mu gwama na Matankari da na Tibiri, na Ɗankasari da na Kore Mai Ruwa.